Mun Kai wa Dabinon Rashid Furen Namiji

Shekarar da mutanen Alƙahira suka cika tituna saboda an ƙara kuɗin burodi, bayan tarzomar da wata biyu, na fara ganin teku. Ina dafa abinci a gidan wani ma'aikacin ofishin jakadancinmu a unguwar Hayyus Sabi'. Mai gadin benenmu, Ammu Sabir, mutumin bakin teku ne, daga wani ƙauye a bayan garin Rashid. Duk shekara yakan je barbarar dabinon mahaifinsa, sai dai a bara teku ta kayar da namijin dabinon da suke da shi guda ɗaya. Ya samo furen namiji a unguwar Marj, ya naɗe a jarida, ya ce in raka shi in riƙe masa. Idan furen ya jiƙe, ko muka makara, babu dabino a gidansu bana.

Alhamis

Mun fita kafin kiran assalatu. Bas ta sauke mu Abbasiya, wata ta kai mu tashar jirgin ƙasa, jirgin Damanhur ya tashi ƙarfe shida. Ƙunshin yana kan cinyata, ƙanshinsa kamar ƙullin da ya kwana. Da gari ya waye sai na ga ƙasar a shimfiɗe kamar tabarma, alkama kore shar, ɓauna na tsaye cikin raɓa. Na tuna fadamar Haɗeja, barci ya riƙa ɗaukata yana saki.

Daga Damanhur muka shiga fijo. A shingen hanya wani soja ya zura kai ya nuna jaridar.

"Mene ne wannan?"

"Ango ne, ya basha," in ji Ammu. "Amare goma sha huɗu na jiransa."

Sojan ya buɗe, ya shinshina, ya yi atishawa sau biyu. "Yalla, ku kai shi. Allah ya ba shi ƙarfi."

Mun isa Rashid da azahar. Gidajen garin tsofaffi ne, dogaye, na jan bulo da baƙi, tun zamanin da jiragen fatake ke tsayawa nan. Ammu ya nuna mini hanyar wata tsohuwar ganuwa inda sojojin Faransa suka tsinci dutse mai rubutu iri uku, masana suka yi shekaru kafin su karanta shi. Ni da na shiga ajin yaƙi da jahilci da furfura, na ce ashe ba ni kaɗai ba ne. Muka ci kifi da shinkafa a bakin kogi, keken doki ya ƙarasa da mu ƙauye ana yayyafi. Na cusa angon cikin rigata.

Mahaifiyarsa, Ummu Sabir, ta tare mu a ƙofa. Ta dubi tulin cikina ta ce, "Baƙon naka wata nawa?" Aka yi dariya. Ammu ya tambayi dabino, ta ce ya sha shayi tukuna. Na kwana ina jin teku tana numfashi a bayan bango kamar saniya.

Juma'a

Da hantsi muka bi ta cikin gwaiba da lemo, sannan yashi. Ammu yana gaya mini cewa kogin Nilu ne ya haifi wannan ƙasa: kowace shekara yakan cika ya kawo jar laka, ƙasa ta ƙara shiga teku. Tun da aka gina madatsar Aswan lakar ta tsaya can, teku kuma ta juyo karɓar abinta.

Muka hau tudun yashi na ƙarshe, sai ya tsaya yana ƙirga. Dabino biyu ne a kan tudu. Uku sun bushe a tsaye saboda gishiri. Can cikin ruwa, guda ɗaya tana tsaye ita kaɗai, igiyar ruwa na dukan gindinta, kuma ta fitar da huda.

Ya ɗaura igiya a ƙugu ya hau biyun nan. Ina miƙa masa silin fure, yana cusawa a cikin hudar macen ya ɗaure da ganye. Da ya sauko sai ya tattare jallabiyarsa.

"Ammu, wannan ba za ta kai kaka ba."

"Na sani, ya Hajj Garba. Ranar da aka haife ni aka dasa ta. In zo da ango har nan in wuce ta?"

Na ɗaga ƙunshin bisa kaina muka shiga, ruwa har ƙirji, sanyi kamar ƙanƙara. Ya hau. Iska ta kwashi garin furen, ya zubo mini a fuska fari fat, na ɗaga kai ina kallon mutum a kan itace a tsakiyar teku, ban san ko a farke nake ba.

Asabar

Mun dawo ta hanyar da muka je, muka isa Hayyus Sabi' bayan isha'i. Na gode wa Allah da ya kai mu ya dawo da mu, na gode wa tsohuwar da ta shanya mini kaya a bakin murhu. Da kaka Ammu ya kawo mini jan dabino cikin kwando, na tudu. Ban tambayi ta ruwa ba, shi ya faɗa.

Dabino goma sha huɗu mahaifinsa ya bari. Teku ta ci tara har da ita, gishiri ya kashe uku, ban da namijin da ya riga su. Saura biyu.