Waɗanda Aka Kai Saran Rake

Ranar wata Laraba, shekarar da nake aji biyu na ƙaramar sakandare a Bakura, Malam Sani mai koyar da mu labarin ƙasa ya rataya taswira a jikin allo, ya ɗora yatsansa da ya yi fari da alli a kan wani tsibiri da bai kai ƙwayar gyaɗa ba. Ya ce Jamaika ke nan, babban birninta Kingston, tashar jiragen ruwa. Girgizar ƙasa ce ta rushe tsohon garin da ke kusa, waɗanda suka tsira suka kafa wannan. Daga nan ake lodin sukari da ayaba zuwa Turai, nan kuma aka riƙa sauke bayin da aka kwaso daga ƙasashenmu don su sari rake.

Rake kam na san shi, don Baba yana nomansa a fadama, na kuma san yadda ganyensa ke tsaga hannu. Da la'asar muna ɓarar gyaɗa a gindin rumbu na ba kakata Inna Kulu labarin. Sai hannunta ya tsaya. Ta ce a gidansu ana faɗin wani Ɗanjuma, ƙanen kakan kakanta, da ya kora jakai zuwa kasuwa, jakan suka dawo ba shi. "Gobe ki tambayo min malamin nan, waɗanda anka kai can, da sunka mutu wa ya yi musu salla? Ke da bakinki bai buɗewa sai gaban tuwo!"

Ban taɓa ɗaga hannu a aji ba. Kwana biyu ina dawowa ina cewa malam bai zo ba, Inna tana kallona kawai. Rana ta uku na miƙe na yi tambayar, na ce Inna ce ta aiko ni. Wasu suka fara dariya, malam ya tsawatar. Ya daɗe yana duban taswirar, sannan ya ce, "Ki ce wa Inna ban sani ba. Littafin bai faɗa ba."

Na dawo na gaya mata. Ranar Juma'a ta sa Baba ya saro rake, ta yayyanka gaɓa-gaɓa, ta raba wa yaran unguwa sadaka, da sunan Ɗanjuma da duk wanda aka binne ba salla. Haka ta riƙa yi duk shekara.

Yau ina ganin Kingston a waya, da manyan jirage da tulin kwantenoni, amma fadamar Baba ta koma shinkafa, sadakar ma babu mai yi. Inna ta rasu ba ta taɓa ganin teku ba, addu'arta ce ta ƙetare shi.