Ranar da Turawa Suka Miƙa Mini Tsintsiya

Ko tsufa zai kwashe mini komai, har hanyar gidanmu a unguwar Tandabawi ta Makka, ranar da na riƙe tsintsiya a ƙasar Sikotilan ba za ta fita daga kaina ba.

Mijin 'yata ta fari ne ya ja mini. Shi da abokan aikinsa a Jidda suka koyi wani wasa na kan ƙanƙara: ɗaya ya tura dutse mai mariƙi kamar buta zuwa wata da'ira, biyu su bi shi suna share masa hanya, shugabansu na can ƙarshe yana yi musu ihu. Wata ƙungiya ta gayyace su, suka tafi da ni a matsayin dattijon tawaga, aikina addu'a da rabon dabino. Ku sani, ni tun da na yi wayo ban taɓa shara ba. Matata Hajiya ta yi mita har ta haƙura, ni kuwa da wannan nake taƙama a majalisa.

Mutanen sun iya karɓar baƙi, ba zan ci haƙƙinsu ba. Wani ƙato sanye da siket ya tarye mu yana matse wata jaka tana kuka kamar akuya. Suka ba mu miya mai zafi da hulunan ulu, har ɗakin salla suka ware, da alamar alƙibla a bango. Na ce wa yaran, waɗannan shahada kawai ta rage musu.

Sai ɗaya daga cikin 'yan wasanmu ya sunkuya ɗaura takalmi, bayansa ya riƙe. Shugabar ƙungiyar, wata tsohuwa mai farin gashi, ta nufo ni da tsintsiya a hannu biyu, jama'a na tafi. Ni da na tsufa ina saukar alhazai a unguwar Jarwal, baƙo ko kofi ya ɗaga sai mun rantse masa ya ajiye!

Surukina, da ke kirana Ammi, wato baffa da Larabci, ya raɗa mini, "Ammi, in ba ka shiga ba an fasa wasan, ga shi sun yi ɗawainiya."

Na ce, "Da sharaɗi: kada Makka ta ji."

Ashe shi ne mai ihun. To yaron nan ko ido bai taɓa haɗawa da ni ba. Dutse ya taho, sai yaron ya sunkuyar da kai ya ce, "Ammi, Allah ya ƙara maka lafiya, in babu takura, a ɗan taɓa gefen nan." Kafin ya gama ladabi dutsen ya tsaya a tsakiyar hanya. Ga tsohuwar can tana yi wa nata mijin tsawa, dutsensu na tafiya sumul. Haka muka yi ta shan kashi cikin tarbiyya, har zuciya ta ɗebe ni.

"Kai, yi mini tsawa mana! Na yafe!"

Wallahi kamar shekaru yake jira. "Yalla ya tsoho, share! Da ƙarfi!"

Na share kamar an biyo ni. Ƙafa ta tafi, na bi ta, na zarce a rigingine har tsakiyar da'irar da babu dutsenmu ɗaya da ya kai. Na tambaya ko za a ƙirga ni, suka ce a'a.

Al'adarsu, wanda ya ci shi ke hidima ga wanda aka cinye. Suka zaunar da mu, shayi da kek, tsohuwar ta maƙala mini lamba a hula, ta ba ni tsintsiyar kyauta. Don tsabar karamci har bidiyo suka ɗauka suka tura wa surukina. Shi kuma matarsa kaɗai ya nuna wa.

Na iso gida, Hajiya ta karɓi tsintsiyar ta jujjuya, ta mayar mini. "Ashe hannun yana aiki, tsawa ce ba a yi masa ba."

Yanzu kullum da safe tana tsaye a ƙarshen falo tana "Da ƙarfi!" Abin da na koya: duk abin da aka miƙo maka ana tafi, ka duba shi da kyau kafin ka karɓa, kuma kada ka taɓa ce wa suruki ka yafe.