Hoton Malam Isyaku Da Aka Ɗauka Sau Ɗaya

Duk abin da zan manta a sana'ar hoto, ban da ranar da aka kira ni aiki a garin Durun, kwana kaɗan bayan ƙaramar Sallah. A lokacin na shekara shida da buɗe shago a Gwarzo, kuma gaskiya kaina ya fara kumbura. Yawancin aikina a fili yake, bikin makaranta da taron suna, inda rana ke yi min rabin aikin. Ban cika wata da sayen filasha ba, wato fitilar nan da ake ɗora wa kyamara a ka, ta haska sau ɗaya ta ɗauke.

Wanda ya kira ni Malam Sani ne, babban ɗan Malam Isyaku, tsohon malami mai karatun zaure. Malam bai taɓa yarda an ɗauke shi hoto ba. 'Yarsa da ke aure a Kudu ce ta yi ta roƙo ta waya, tana so 'ya'yanta su san fuskar kakansu, har ya amince. Amma an yi masa aikin ido, ba ya fita rana, kuma haske mai ƙarfi yana sa masa ciwon kai.

Bayan mun gama gaisawa, Malam Isyaku ya dubi abin da ke hannuna ya ce, "Sau ɗaya za ka haska min wannan abu, ɗana. In ya fito, to. In bai fito ba, haka Allah ya so."

Zauren na ƙasa ne, rufin azara, taga ɗaya 'yar ƙarama. Na sa ido a kyamara.

Ga wanda bai san aikin ba, a cikin kyamara akwai mita, ɗan layi mai sifili a tsakiya. In alamar ta yi hagu, haske ya yi kaɗan. In ta yi dama, ya yi yawa. Shekara shida ina bin wannan alama kamar liman. A ranar sai na ga ta tafi can ƙarshen hagu, ko da filasha a kunne. Na fara rage saurin ƙiftawar kyamara don in jawo ta tsakiya. Kafin ta zo sifili, ƙiftawar ta kusa rabin daƙiƙa. Raina bai kwanta ba, amma na ce ai mita ba ta ƙarya.

Cikin dattawan da ke zaune da littattafansu wani ya yi gyaran murya. "Malam mai hoto, ina jin kana ta murɗa abin nan. Nawa ka kai shi?"

Na faɗa masa, a raina ina cewa ina ruwan tsoho. Ashe Baba Haladu ne, wanda ya shekara talatin yana ɗaukar hoto a Kabo tun zamanin fim, ya ajiye kyamara ya koma karatu.

Ya jawo ni gefe, ya rage murya don kada ya kunyata ni. "Mitar nan hasken ɗaki take aunawa, wanda take gani yanzu. Hasken fitilarka bai zo ba tukuna, ta yaya za ta auna shi? In ka biye mata, hannunka zai girgiza, sannan fitila ta zo ta ƙone farar rigar Malam. Mayar da saurin inda ka saba. Bar ta ta yi ta kuka a hagu."

"To Baba, da me zan san daidai?"

"Da tazara, da ƙarfin fitila, da faɗin idon kyamara. Taku nawa tsakaninka da Malam?"

Na ce uku. Ya tashi ya ja ni ɗakin da ke bayan zaure, mai duhu iri ɗaya. Ya zauna a tabarma da farar rigarsa, ya sa na ƙirga taku uku. "Gwada a kaina. Idona ya saba."

Na farko ya fito fari fat. Na rage ƙarfin fitila. Na ce ko in harba ta sama hasken ya sauko a hankali, ya ce azara baƙa ce, shanye shi za ta yi. Sai ya sa Malam Sani ya riƙe farin mayafi a gefe, na juya fitilar wajen. A na huɗu na ga fuskarsa sarai, har da zaren aikin wuyan riga. Idonsa na ta ruwa, yana gogewa yana min dariya.

Muka koma zaure. Mita tana nan a hagu, na kawar da kai daga gare ta. Na yi bisimilla na danna. Hoton ya fito, Malam da carbi a hannu, kowane gashin gemunsa a bayyane. Na ji daɗin da ban taɓa ji ba a aiki, na kuma ji kunyar abin da na ce a raina.

Malam Isyaku bai ga damina ba, Allah ya yi masa rasuwa. 'Yarsa ta kira ni tana kuka tana sa min albarka, na ce mata rabin albarkar ta wani ce.

Bara Baba Haladu ma ya rasu. Da na je ta'aziyya, ɗansa ya ce sun duba akwatunansa, hotunan mutanen Kabo cike, babu nasa ko ɗaya. Na dawo shago na bincika, sai ga gwajin nan na huɗu ban goge ba. Na wanke biyu, na kai musu ɗaya.

Ɗayan shi ne wannan da ke saman ƙofa, da ku yaran shagona kuke ta tambayata ko mahaifina ne. Shi ya sa nake ce muku mita tana faɗin abin da ta gani ne kawai, sauran sai ku tambayi wanda ya riga ku. Kuma in tsoho ya yi gyaran murya kuna aiki, ku sauke kyamara ku ji.