Jemage Mai Goyo

Jiya ina gyaran zabuwa na tarar da ƙwai jere a cikinta, ba su yi ɓawo ba. Nan take marigayiya kakata ta faɗo mini a rai.

A gidanmu na Unguwar Lalle, kifi aka samu, kaza ko akuya, sai ta kama yatsana ta bi ƙashin bayan da shi. "Kin ji? Ginin ɗaya ne. Wajen haihuwa aka rabu. Kifi ya zuba ƙwai cikin ruwa, kaza ta kwanta kan nata, akuya ta ɗauki ciki."

Wata safiya jemage ya faɗo gindin rumbu, yayyena suka ɗauko sanduna, wai mugun tsuntsu ne. Kaka ta birkice shi da kara, sai ga ɗa manne a ƙirji yana tsotso.

Ta ce, "Tsuntsu na ba da nono? Wannan uwa ce kamar ni. Wanda ya taɓa ta, za ni taɓa shi."

Kowa ya yar da sandarsa.

Ina alfahari matar nan ce ta rene ni. Allah Ya ji ƙanta kamar yadda ta ji ƙan mai goyon nan.