Askar Ɗan'azumi a Hoto na Biyar

Duk wanda ya zauna a unguwar Zango ta Yamai a shekarun farko na mulkin kai ya san Ɗan'azumi wanzami, ko da bai taɓa miƙa masa kai ba. Bagobiri ne daga wajen Tibiri, dogo, siriri, mai wata zabira da ta girme ni. Gindin dogon yaro yake zama, daura da masallaci. Aski, ƙaho, cire beli, kaciyar yara idan sanyi ya shigo, duk nasa ne. Ga baƙar magana kuma. In ka motsa yana yi maka aski sai ya tambaye ka ko kunnen ne ya ishe ka. Shekara goma sha ɗaya yana aske ni, bai taɓa faɗin alheri a kan ƙeyata ba.

Abin da ya fi kowa da shi shi ne sanin tsaga. Baƙo zai diro daga kamiyo, babbar motar nan ta kaya, bai ko buɗe baki ba, Ɗan'azumi zai ce wannan Ba'are ne na wajen Dogon Dutsi, kuma wanzamin da ya tsaga shi bahago ne. A je a tambaya, a tarar haka ne. Ya ce kowane wanzami da hannunsa, yadda mu ƴan lakwal, wato ƴan boko, kowa da irin rubutunsa.

Ni Halidu, ana ce mini Mushe, wato Malam da Faransanci. Komi ne ni, magatakarda ke nan, a wani biro, ofishin gwamnati a unguwar Filato, inda ake ajiye takardun sojan da Nasara ya kwasa zuwa yaƙe-yaƙensa. Akwai wani babban kaye, littafin rajista mai baƙin bango da aka bar mana gado, a ciki aka jera waɗanda suka mutu da waɗanda suka ɓata. Aikina in duba shi in wata tsohuwa ta zo tambayar ɗanta. Wallahi ban taɓa yarda da kayen nan ba. Akwai shafin da mutum arba'in da ɗaya suka mutu rana guda, wuri guda, da alƙalami guda, kuma gurbin da ya kamata a sa sunan wanda ya ga gawa fari fat yake tun daga sama har ƙasa. Na nuna wa shugaban biron, ya ce an ɗauke ni in karanta ne, ba in yi gardama da matattu ba.

A damunar 1964 wata ambulan ta wasiƙa ta zo daga wani asibitin masu taɓin hankali a kudancin Faransa. Hotuna ne a ciki, na tsoffin soja baƙar fata bakwai, kowanne an ɗauke shi ta gaba da ta gefe. Tun ƙarshen yaƙin Jamus suke can, babu suna, babu gari, sai lamba. Asibitin ya ce duk wanda aka gano danginsa, kuma ɗan'uwa na jini ya dangwala yatsa cewa zai karɓe shi, za a sa shi a jirgi a maido shi gida. Wanda ba a gano ba, can zai ƙarasa kwanansa.

Sati biyu hotunan suna kan tebur ana jujjuya su. Da na gaji sai na zuba su a aljihu na tafi aski.

Ɗan'azumi ya goge hannu a riga ya karɓa. Na farko ya ce Mosi ne, a nemi danginsa a Wagadugu. Na biyu da na uku mutanen yamma ne, ba namu ba. Na huɗu Bazabarme ne, amma an tsaga shi da gaggawa, bai san hannun ba. Yana yi yana zagin wanzaman da suka yi aikin, mutanen da ke jiran aski suna dariya. Da ya zo kan na biyar sai ya daina zagin. Dattijo ne a hoton, kai duk furfura, idanu a buɗe amma ba su kallon komai. Tsagar Gobirawa ce a kumatunsa, daga gefen baki zuwa kunne. Ɗan'azumi ya kai hoton cikin rana, ya dawo da shi inuwa, ya sallami masu jira ya ce yau babu aski.

"Mushe Halidu, wannan hannuna ne," in ji shi. "Tanimu ne, ɗan Kande."

Ya nuna mini layi na huɗu a kuncin hagu, inda ya karkace ya hau kan na biyar. Ya ce yana da shekara goma sha shida ubansa ya fara ba shi aska ranar wani suna, jaririn ya zabura, askar ta goce. Ubansa ya mare shi a gaban mata. Jariran da ya tsaga bayan nan sun fi dubu, bai sake gocewa ba, kuma wannan guda ɗaya ko a cikin kabari aka nuna masa zai gane ta.

Washegari na buɗe kayen. Tanimu yana nan, a shafin nan na mutum arba'in da ɗaya: ya mutu a watan Yuni na 1940. Na san gidan. Kande, uwarsa, tana nan Zango, ido ya tafi. Ƙaninsa Hamidu tela ne a bakin kasuwa. Ita kuwa Sa'adatu, wadda Tanimu ya aura wata biyar kafin a tafi da shi, da takardar mutuwa ta iso ta yi takaba, daga baya aka ɗaura mata aure da Hamidu. Ƴaƴansu shida, har da jikoki biyu.

Na ce wa Ɗan'azumi mu rufa wa mutanen nan asiri, mu ce ba mu gane ba. Ya dube ni yadda ake duban abin da kare ya taɓa. Ya ce shi ya ɓata wa yaron nan fuska ran da aka raɗa masa suna, ba zai kuma hana shi sunan ba. Na ji kunya, kuma na ji haushinsa, don gaskiya ya faɗa kuma ni zan sha wahalar takardu.

Muka je gidan da hantsi. Hamidu ya karɓi hoton a zaure, ya dube shi kamar na ƙiftawar ido, ya miƙo mini. Ya ce wansa ya rasu shekara ashirin da huɗu da suka wuce, an yi masa addu'ar uku, ta bakwai da ta arba'in, kuma gwamnati da kanta ta rubuto. Ya ce Gobirawa masu tsaga sun fi a ƙirga. Amma bai sake ɗaga ido ya dubi Ɗan'azumi ba har muka tashi.

Tsohuwa ta jiyo mu daga ɗaki ta sa aka kai mu. Ɗan'azumi bai ɓoye mata komai ba. Ta miƙa hannu aka sa mata hoton, ta yi ta shafa shi da yatsu, tana neman tsagar. Takarda ce sumul, me za ta ji? Ta tambaya ko ya rame. Ta tambaya ko yana magana. Na karanta mata abin da aka rubuta a baya, cewa tun da aka kawo shi bai ce uffan ba, sai dai kullum da safe yakan share tsakar asibitin. Ta ce shi ne, tun yana yaro ba ya son ganin datti. Na kawo tawada ta dangwala.

Shugaban biro ya mayar mini da takardar a ranar. Wai makauniya ba ta shaidar hoto. Na ce to ga wanzamin da ya yi tsagar da hannunsa. Ya yi dariya, ya ce in nuna masa gurbin wanzami a jikin takardar. Sa'adatu kuwa, ko da za ta yarda, a wurin hukuma matar wani ce, ba dangi ba. Saura Hamidu kaɗai. Kai, ranar da ina da wani abin ci da na ajiye musu alƙalaminsu.

Kada a ɗauka Hamidu mugu ne. Ya je wurin malamai a ɓoye, wasu suka ce masa in dai Tanimu yana raye kuma labarin mutuwar ƙarya ne, to igiyar auren farko tana nan, ga shi mai taɓin hankali ba ya saki. Wasu suka ce ba haka ba ne. Amma Hamidu ya san Zango. Ya san ko malamai sun wanke ƴaƴansa, bakin mata a rijiya ba zai wanke su ba, kuma akwai sunan da in aka kira yaro da shi sau ɗaya, ya bi shi ke nan har jikokinsa. Yana da ƴanmata biyu da ba a kai ɗaki ba.

Ɗan'azumi bai yi masa faɗa ba, bai kuma kai shi ƙara ko'ina ba. Abin da ya yi ya fi faɗa ciwo. Ya ɗauke tabarmarsa daga gindin dogon yaro ya shimfiɗa ta daura da shagon Hamidu, cikin rana. Kullum da safe zai gaishe shi, ya tambayi gida, ya tambayi tsohuwa, sa'an nan ya ce a hankali, ko an samu labarin Tanimu. Shi ke nan, sai ya koma kan askarsa. Masu aski da yawa suka bar shi, don ba kowa ke son zama a rana ba, wasu kuma sun ce tsufa ya sa shi shiga abin da ba ruwansa. Hamidu ya koma aski wurin wani Bazabarme a ƙetaren kogi. Ni ma na ce wa Ɗan'azumi, Baba, ka bar bawan Allah ya huta. Ya ce in kawo kaina in kuma rufe bakina.

Wata goma sha huɗu aka yi haka. Na rubuta wa asibitin sau uku ina roƙon su yi haƙuri. A cikin gidan kuma, yadda na ji daga baya, tsohuwa ta sa an share wani ɗaki an shimfiɗa tabarma, kullum tana tambaya ko jirgi ya sauka. Sa'adatu ba ta taɓa cewa a nuna mata hoton ba, ba ta kuma taɓa cewa ba shi ba ne. Ta dai rame, har maƙwabta suka fara cewa ciwo ne.

Wata Talata, bayan an gama girbin gero na 1965, wasiƙa ta zo daga asibitin. Layi huɗu ce. Mai hoto na biyar ya rasu da ciwon haƙarƙari sati shida da suka wuce, an binne shi a maƙabartar asibitin da lambarsa. Na karanta, na ninke, na sa a aljihun tebur. Na ce gobe zan je Zango. Gobe ta yi na ce jibi. Tsoro ne kawai, ba wani abu ba, ban san da wace fuska zan tsaya gaban tsohon nan ba.

Ranar Alhamis da safe sai ga su sun shigo biro tare. Ɗan'azumi ya sa babbar rigarsa ta Juma'a, fuskarsa a sake, rabon da in gan shi haka na manta. Hamidu yana bayansa, idanu sun yi ja. Kafin in buɗe baki Hamidu ya fara bayani, yana kallon ƙasa. Ya ce jiya bayan la'asar ya tsaya gaban liman da dattawan unguwa ya faɗa da bakinsa cewa wansa yana raye, kuma ya gane shi tun ranar farko. Ya ce da asuba ya sa Sa'adatu a kamiyon Maraɗi, ta koma wurin danginta har malamai su yanke hukunci. Wanda zai auri babbar cikin ƴanmatan nan nasa biyu ya riga ya aiko a dakata. Yana maganar yana danna babban yatsansa a kan tawadar da ke gefen teburina.

Jiya bayan la'asar. Wasiƙar tana aljihun teburina tun Talata.

"Mushe, ina zan sa?" Hamidu ya tambaya.

Na jawo aljihun, na fito da ita, na karanta da Faransanci, sa'an nan na faɗa da Hausa. Ɗan'azumi ya tambaye ni yaushe ta zo. Zan iya cewa yau da safe, babu mai ƙaryata ni. Na ce shekaranjiya. Bai zage ni ba, shi da ke zagin mutum a kan motsa kai. Ya nemi benci ya zauna, ya ɗora hannuwansa a gwiwa.

Hamidu ya daɗe a tsaye da yatsa a sama, tawada tana bushewa. Can ya jawo takardar da kansa, ya nemi gurbin, ya danna har ta kusa hujewa.

"Rubuta wana ne," ya ce. "Tanimu sunansa."

Na rubuta. Ya juya wurin tsohon ya ce, Baba, tashi mu je, ni ba zan iya gaya wa Inna ni kaɗai ba. Ɗan'azumi ya yunƙura bai iya miƙewa ba, sai da Hamidu ya kama shi ta hammata. Na leƙa ta taga na gan su suna gangarawa hanyar Zango a hankali, telan yana riƙe da wanzamin.