Ciwon Sukarin da Ya Ƙi Jin Ƙwaya

Maigidana manomin albasa ne a Kashin Zama, kuma tun da aka kawo ni gidansa daga Karaye ban taɓa ganinsa da ƙiba ba. Dogo ne siriri, aikin fadama ya busar da shi. Shi ya sa da ya fara ramewa ba wanda ya lura da wuri sai ni, da nake ganin yadda yake ƙara tsuke mazagin wandonsa.

Da ƙishirwa abin ya fara. Sai ya sha ruwa a tsaye har cikinsa ya cika, ya zauna kaɗan, ya sake komawa bakin randa. Fitsari kuwa ba iyaka. Wata safiya ya kira ni bayan ɗaki ya nuna mini kiyashi sun taru inda ya tsuguna. Ranar kasuwar Jega ya je wani asibiti, aka huda masa yatsa, aka ce ciwon sukari ne. Lokacin ya doshi shekara arba'in. Suka ce irin na manya ne, suka ba shi ƙwayoyi, suka hana shi shayi mai sukari da rake da cika ciki da shinkafa.

Na koma dafa masa wake da zogale da ɗan tuwon dawa. Da farko ya ji sauƙi, har ya yi noman daminar nan lafiya. Amma kafin a dasa albasa ƙishirwar ta dawo. Duk komawar da ya yi asibiti sai a ƙara masa ƙwaya, a haɗa da faɗa, a ce lalle yana cin abin da aka hana shi. Ya dawo gida ya zauna a kan tabarma.

Mahaifiyarsa, wadda muke kira Inna, tana zaune tare da mu a gidan. Wata rana ina tsince wake ta tsaya a kaina.

"Ke ɗiyag ga, mi kike saka mishi cikin abinci?"

"Inna, abin da likita ya ce shi nake yi."

"Likita ya ce shina cin abin da aka hana shi. To ga hannun wa shike ci?"

Na ci gaba da tsince wakena. Da yamma ta aiko aka ɗauki kwanonsa daga ɗakina. Daga ranar ita ke dafa masa, ni in dafa wa yara. Maigidana ya so ya yi magana, na roƙe shi ya bari, don ba shi da ƙarfin rigima. Amma abin ya ci mini rai. Matan maƙwabta suna shigowa su ga hayaƙi biyu a gida ɗaya, su gaishe ni su sunkuyar da kai.

Inna ta yi iyakar ƙoƙarinta. Ta jiƙa masa shuwaka da garahuni, ta karɓo rubutu, ta rage masa tuwo har ya zama loma kaɗan. Bai daina ramewa ba. Ƙashin wuyansa ya fito, idanunsa suka faɗa. Sai maganar gari ta canza, aka fara raɗe-raɗin ko wata cuta ce da ba a son faɗin sunanta, har wasu mata suka daina shan ruwa a gidanmu.

Lokacin cirar albasa, maigidana ya matsa sai ya je fadama, don kada amfanin ya lalace. Da rana tsaka ƙanensa ya kawo shi a bayan babur, wani ya riƙe shi ta baya. Yana ta amai, yana dafe ciki, yana jan numfashi da ƙarfi. Bakinsa na wani wari kamar mangwaron da ya nuna ya wuce. Na kira shi, ya dube ni bai gane ni ba. Aka samo mota muka wuce asibitin Birnin Kebbi, ni da Inna da ƙanensa.

Aka yi ta masa ƙarin ruwa da allurai. Da ya farfaɗo, wata likita ta kira mu ta zaunar. Ta tambayi yadda ciwon ya fara, da ko ya taɓa yin ƙiba, da abin da yake ci. Na lissafa mata. Na ce wallahi ban taɓa ba shi abin da aka hana ba.

"Na yarda da ke," in ji ta. "Ko ruwa zalla yake sha, haka zai rame."

Ta ce ciwon sukari ba iri ɗaya ba ne. Akwai wanda jiki yana yin sinadarin da ke sarrafa sukari, sai dai ba ya aiki sosai, shi ne ƙwaya da kiyaye abinci ke taimaka wa. Akwai kuma wanda jiki ke daina yin sinadarin, sai an ba mutum shi ta allura. An fi ganinsa ga yara, shi ya sa idan babba ya zo akan ɗauka na farkon ne. Ta ce alamu sun nuna na biyun ne ke damunsa, kuma gwajin jinin da aka aika daga baya ya tabbatar. Allurar sinadarin nan, wato insulin, zai riƙa yi wa kansa kullum, iya rayuwa.

Inna tana gefe tana jan carbinta. Da muka dawo gida, ita da kanta ta kawo kwanon ƙofar ɗakina.

"Ga kwanon mijinki. Ki yi haƙuri da ni, tsoro na ji."

Na durƙusa na karɓa. Ba mu sake tayar da maganar ba har Allah ya yi mata rasuwa.

Maigidana ya koyi yi wa kansa allura a cinya da ciki. Da yake ba mu da firji, kwalbar maganin na zaune cikin gwangwani a jiƙaƙƙen yashi, gindin randa. A hankali jikinsa ya dawo, ya koma fadama. Sai dai idonsa na hagu ya rage gani, kuma tafin ƙafarsa ba ya jin ƙaya, don haka ba ya fita sai da takalmi.

Abin da ya fi yi masa nauyi azumi ne. Likita ta hana shi, ya je wurin limamin unguwa yana fatan jin wani abu dabam. Liman ya ce masa Allah bai ɗora masa ba, ya ciyar. Yana ciyarwa. Amma har yau, idan azahar ta yi a watan azumi, sai ya shiga ɗaki ya saki labule kafin in kai masa abinci. Nakan zauna a bakin ƙofa da azumina, ina ba shi labarin yara, har ya gama.