Hoton fasfo na furen bado

Shekara talatin da biyu babanmu ya yi yana ɗaukar hoton fasfo a wani shago mai faɗin tabarma biyu, har sunansa ya ɓace, kowa a layin sai ya ce Kar-ka-motsa. Ƙa'idarsa ba ta canjawa: farin ƙyalle a baya, fuska a tsakiya, kunne biyu a waje, ban da dariya. Inuwa kuwa abokiyar gabarsa ce, da ya hango ta a bayan wuyan mutum sai ya watsa mata filasha.

Ranar da ya bar aiki ya zauna a falo ya ƙura wa bango ido, inda kalandar wani kamfanin siminti take rataye. Can sai ya ce hotunansa sun fi dubu ɗari, amma ko ɗaya ba a taɓa ratayewa a bango ba, duk suna cikin fayil an danna musu hatimi a kunci. Wallahi ya ba ni tausayi. Mama ce ta ce, "Kawo wanda ya fi kalandar nan kyau, ni da hannuna zan cire ta."

Haka ya fara zuwa tafkin bayan unguwa, inda bado da dogayen ciyayi suka cika baki. Da tsakar rana yake zuwa, wai lokacin haske ya fi yawa. Mama ce mai riƙe farin ƙyalle a bayan furen, ƙafarta cikin taɓo. Iska na kaɗawa sai ya daka wa furen tsawa, "Kar ka motsa!" In an wanko hoton ya ga inuwar ciyawa a cikin ruwa, sai ya sa almakashi ya datse ta.

Na ce, "Baba, ka gwada da sassafe mana. Ka durƙusa, ka matsar da furen gefe, ka bar ruwan ya shigo."

Ya ce, "Ke da kike ɗauka da waya ce za ki koya mini aiki?"

Mako uku ana wannan fama. Kowane hoto Mama ta duba sai ta ce, "Malam, wannan furen ai biza yake nema." Kalanda tana nan daram.

Abin da maganata ta kasa, zafin rana ya yi. Mama ta rantse in ba da sassafe ba, ya nemi wani mai riƙe ƙyalle. Washegari suka je rana tana ɗan leƙowa, ruwa ya kwanta luf. Baba yana ja da baya don furen ya zauna a tsakiya, santsi ya kwashe shi, ya zauna daɓas a cikin taɓo, kyamara a sama kamar mai ceton jariri. Mama ta saki ƙyallen ta riƙe ciki tana dariya.

Daga nan ƙasa ya ga abin da ya daɗe yana datsewa. Ciyayi, bado da jan hasken safiya duk sun kife a cikin ruwan, ga inuwar Mama a gefe, kai ƙasa, baki har kunne. Ko filasha bai tuna ba, ya danna.

Yanzu hoton yana falo, kalanda ta koma kicin. Sai dai a kife ya rataye shi don kan Mama ya dawo sama, saboda haka ciyayin bakin tafkin ne suke reto daga sama. Duk baƙon da ya shigo sai ya karkata wuya. Baba kuma bai fasa kushe shi ba, wai kunne ɗaya ne ya fito, kuma ba ta tsakiya.

Rannan na same shi tsaye a gaban hoton, riƙe da tsohon hoton fasfon Mama da yake ajiyewa a aljihu, fuskarta a ɗaure tamau. Bai juyo ba ya ce, "Duk shekarun nan ina ɗaukar uwarki, kuma kullum ni nake ce mata kar ta yi dariya."